Rufin gidan mahaifinmu na neman raba ni da Yayana

Assalamu alaikum. Ni malamar makaranta ce, ina aure a Kaduna, gidanmu kuma yana Kano. Mahaifinmu ya rasu shekara 6 da suka wuce, har yau ba a raba gidan ba. Mahaifiyarmu tana ciki tare da babban yayanmu da iyalinsa. Rufin tsohon kwano ne, ya yi tsatsa, a daminar da ta wuce da robobi ake tarar ruwa a ɗakin Hajiya, silin ma ya fara ɓallowa. Mu huɗu muka yi shawarar haɗa kuɗi a sauya rufin. Yaya ya kawo kafinta, ya ce aikin zai ci naira miliyan 4 da dubu 100. Ƙaninmu bai gamsu ba, ya kai wani kafintan ba da sanin Yaya ba, shi kuma ya ce miliyan 2 da dubu 300 ta isa. Tun daga ranar gida ya rikice. Ƙanin yana cewa Yaya so yake ya ci da guminmu, Yaya ya yi fushi ya ce ya tsame hannunsa, Hajiya kuwa kullum kuka take min a waya. Ni ce zan ba da kaso mafi tsoka, kuma adashi na ɗauka don wannan aiki. Ban taɓa kama Yaya da ha'inci ba, amma tazarar kuɗin ta tsaya min a rai. Ban san komai game da rufi ba. Yaya zan gane gaskiya ba tare da na ɓata da kowa ba?

Wata malama daga Kaduna

Wa alaikumus salam, 'yar'uwata. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya ba Hajiya lafiya, ya saka miki da alheri bisa wannan ɗawainiya. Na ji nauyin da ke kanki. Kuɗin da kika tara da wahala ne, mahaifiyarki na kwana ruwa na ɗiga mata, 'yan'uwanki biyu kuma kowa na jiran ya ga ɓangaren da za ki bi. Abin da nake gani shi ne, a halin yanzu ba ki da wata hujja ta zargin Yayanki, amma kina da cikakken haƙƙin tambayar yadda aka kai ga wannan adadi. Miliyan 4 da miliyan 2 da aka faɗa da baki ba su nuna wanda ya yi gaskiya ba, domin babu tabbacin cewa aiki iri ɗaya kafintocin biyu suka yi wa kuɗi. Bari in bi da ke yadda ake lissafin rufi, don in kin zauna da su ki san abin da za ki tambaya.

Lissafin yana farawa ne daga awo, kuma faɗin rufi ya fi faɗin gida. Ɗauki misalin gini mai tsawon mita 12 da faɗin mita 10, wato murabba'in mita 120 a ƙasa. In rufin zai leƙo waje da santimita 60 ta kowane gefe don ya kare bango daga feshin ruwa, awon ya koma 13.2 sau 11.2, kusan 148 ke nan. Sannan rufi a karkace yake, iya tsayin da aka ba shi iya kwanon da zai ci. In gangarensa digiri 15 ne, 148 ɗin nan za ta zama kusan 153. In digiri 30 ne za ta kai 171, in kuwa dogon rufin nan ne na yayi mai digiri 45, za ta haura zuwa 209. Duk wannan kafin a ƙara abin da zai tafi a yanka da wurin da kwano ke hawa kan ɗan'uwansa, wanda masu aiki kan ware masa kamar kashi 10 cikin 100, ko fiye in rufin mai lunguna da kusurwoyi da yawa ne. Kin ga gida ɗaya ne, amma siffar rufin kaɗai tana iya ƙara fiye da kashi ɗaya bisa uku na kwano, katakon ma ya ƙaru tare da shi. Don haka tambayarki ta farko ga kowane kafinta ita ce: murabba'in mita nawa ka auna, kuma yadda rufin yake za ka mayar da shi ko ɗaga shi za ka yi?

Sai irin kwanon. Gajeren kwanon da muka saba da shi a bandir ake sayar da shi, falle 20 a bandir ɗaya, kuma shi kansa hawa-hawa ne, akwai mai kauri akwai wanda yatsa ke lotsawa. Akwai wanda ake kira kwanon Kamaru. Akwai dogon kwanon alminiyon da ake yankawa daidai tsawon rufin, shi da mita ake sayar da shi, farashinsa kuma yana bin kaurinsa: 0.45 na milimita daban, 0.55 daban, 0.7 daban. Sama da su akwai mai kamannin tayil da mai yashin dutse a jiki, waɗanda suka fi tsada nesa. Alminiyon ba ya irin jan tsatsar da ta cinye rufinku na yanzu, kuma da yake dogo ne babu mahaɗai da yawa da ruwa zai kurɗa. In kafintan Yaya alminiyon mai kaurin 0.55 ya lissafa, na ƙaninki kuma gajeren kwano marar kauri, to wani babban yanki na tazarar ya riga ya fito fili ba tare da kowa ya ci amanar kowa ba. Ki tambayi sunan kwanon da kaurinsa, in kuma na bandir ne, ki tambayi murabba'in mita nawa bandir ɗaya ke rufewa bayan an ɗora shi.

Inda na fi so ki tsaya shi ne katako, don a nan ne aka fi samun saɓani, kuma shi ne ba a gani daga tsakar gida. Ƙarƙashin kwano akwai gangar jikin rufin gaba ɗaya: katakon da ke kwance kan bango, manyan da ke ɗaukar nauyi irin tu-bai-sikis da tu-bai-fo (wato masu awon inci 2 sau 6 da inci 2 sau 4), da ƙananan da ake buga kwano a kansu irin tu-bai-tiri ko tu-bai-tu. Rufin da ya daɗe yana yoyo har silin ya fara faɗowa, da wuya katakonsa ya tsira. Ruwa na ruɓar da shi, gara kuma na cinye cikinsa ta bar bayansa kamar lafiyayye. Kafintan da ya tsaya a tsakar gida ya ɗaga kai ya faɗi kuɗi, kwano kawai ya lissafa. Wanda ya sa tsani ya shiga cikin silin da fitila, ya caccaki katakon da ƙusa ya ji inda ya yi taushi, shi ne ya ga aikin. Kin ce ƙaninki a ɓoye ya kai nasa kafintan, kuma mutumin da aka shigo da shi a ɓoye da wuya ya sami sukunin hawa cikin silin ya bi ɗaki ɗaki. Ina kyautata zaton miliyan 2 da dubu 300 ɗin nan ta ginu ne a kan cewa za a bar tsohon katako. In katakon lafiya yake, madalla, kun huta. In ya ruɓe, sabon kwano a kansa asara ce, domin ƙusa ba ta kama ruɓaɓɓen katako, iskar farkon damina kuma ba ta da wuyar ɗage irin wannan rufi ta jefar da shi a gidan maƙwabta. Ko sabon katakon ma ba ɗaya ba ne: busasshe mai ƙarfi ya fi ɗanye tsada, ɗanyen kuwa yana lanƙwashewa in ya bushe a sama, kuma tazarar da aka bari tsakanin katako da katako ita ke nuna guda nawa za a saya.

Bayan waɗannan akwai tarkacen da kowannensu ƙarami ne amma in aka haɗa su kuɗi ne mai yawa. Ƙusar katako da ƙusar kwano mai hula, langa-langan da ake ɗaure rufi da bango, maganin gara irin Solignum da ake shafe katako da shi, allon da ke zagaye bakin rufi, kwanon da ke rufe tsakiyar rufi da kusurwoyinsa, da indararo. In gidanku irin wanda aka ɗaga bango aka ɓoye rufin a ciki ne, akwai magudanar ruwa ta siminti da ke bin bango, wadda sau da yawa ita ce asalin yoyon, kuma gyaranta aikin magini ne ba na kafinta ba. Ga kuɗin cire tsohon rufi, ga na mota daga kasuwa. Ga silin, wanda shi kaɗai yana iya lashe kaso mai kauri gwargwadon ko na roba ne ko na filasta. Ga wayoyin wuta da ke cikin silin, da ruwa ya daɗe yana jiƙa su. Sannan kuɗin aiki, wanda wani kafinta kan yanka a dunƙule, wani ya bi yawan bandir ko mita. Mai lissafi na ƙwarai yakan kuma ware wani abu na ko-ta-kwana, don tsohon gida sai an yaye rufinsa ake ganin abin da ke ƙasa. Har ranar da aka yi lissafin tana da tasiri, domin tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 aka kuma saki naira a watan Yuni na shekarar, farashin kayan gini bai zauna wuri ɗaya ba, kwano kuwa yana bin dala sosai. Lissafin da ya kwana wata biyu sai an sake duba shi.

Ba ina ce miki babu yadda za a yi a sami ƙari a lissafin farko ba. Ana yi. Wani kafinta yakan ƙara yawan katako, ko ya rubuta kwano mai kauri ya kawo marar kauri, kuma yana iya yin haka ba tare da Yayanki ya sani ba. Haka nan akwai mai karya farashi don ya karɓi aiki, sai an yaye rufi ɗaki ya koma sararin sama ya ce kaya sun ƙare, a lokacin ba ku da yadda za ku yi sai ku biya. Araha ba ta ado, tsada kuma ba shaidar inganci ba ce. Takarda ce kawai za ta raba gardamar.

Yanzu ga mutanen. Ki sa kanki a matsayin Yayanki na ɗan lokaci. Shi ke cikin gidan, shi ke tashi cikin dare in hadari ya haɗo, shi ya nemo mai aiki. Sai ya wayi gari ƙaninsa ya shigo da wani a bayan idonsa, maganar kuma ta koma cewa yana son cin kuɗin 'yan'uwansa, a gidan da matarsa da 'ya'yansa ke ji. Fushinsa bai nuna rashin gaskiya ba, mai gaskiya ma haka zai ji zafi. Inda ya gaza shi ne kawo muku adadi a dunƙule, alhali kuɗin mutum huɗu ne. Wataƙila bai ga buƙatar bayani ba saboda yana ganin shi ne babba, amma girma ba ya hana a nuna lissafi, nuna lissafin ma ƙara masa kwarjini yake yi. Ƙaninku kuwa neman farashi na biyu da ya yi daidai ne, duk mai hankali zai yi. Ɓoyewar da saurin yanke hukuncin su ne kuskurensa, kuma ya kamata ya ba yayansa haƙuri a kan kalmar da ya furta, ko da daga baya lissafinsa ne ya fi kusa da daidai. Aya ta 12 a Suratul Hujurat ta gargaɗe mu a kan yawan zato, kuma zaton da ya shiga tsakanin 'yan ɗaki ɗaya yakan daɗe bai fita ba. Hajiya kuma, ku daina kai mata ƙarar juna. Ba kuɗin ne ke sa ta kuka ba, ganin kanku na neman rabuwa a kan gidan mijinta ne.

Ke kike da damar gyara wannan, tunda ba ki furta wa kowa kalma mai zafi ba. Ki kira Yaya shi kaɗai, in da hali ma ki je Kano a ƙarshen mako, don irin wannan magana ta fi sauƙi ido da ido. Kada ki fara da tazarar kuɗin. Ki gode masa a kan ɗawainiyar Hajiya, ki gaya masa ba ki ji daɗin abin da aka faɗa a kansa ba, sannan ki ce wani abu kamar haka: “Yaya, kuɗin nan adashi na ɗauka, kuma ban san kan aikin rufi ba. Ina so kafinta ya rubuto mana komai dalla-dalla, in fahimta, in kuma san abin da zan gaya wa maigidana. Kai za ka ci gaba da jagorantar aikin.” Wannan gaskiya ce, kuma ta ba shi hanyar dawowa ba tare da ya ji an tuhume shi ba.

Daga nan ku fara yanke shawara ku huɗu a kan aikin da kuke so, kafin a sake maganar kuɗi: wane kwano, wane kauri, za a ɗaga rufin ko a'a, da silin ko babu. Sai a kira kafintocin biyu a rana ɗaya, a gaban Yaya da ƙaninku, kowa ya hau ya duba katako, a ɗauki hotuna da waya a turo miki. Kowannensu ya rubuta awonsa, adadin kowane kaya, farashin guda ɗaya, da kuɗin aikinsa a ware. In awonsu ya yi nisa da juna, ku nemi mutum na uku da ba shi zai yi aikin ba, injiniyan gini ko ƙwararren mai ƙiyasin kuɗin gini, ku biya shi ladan awo kawai. Abin da za ku ba shi kaɗan ne in aka kwatanta da miliyan 1 da dubu 800 da ake jayayya a kai. Da takardar a hannu, Yaya da ƙanin su tafi tare kasuwar kayan gini ta Ƙofar Ruwa su ji farashin kwano da ƙusa a shago biyu ko uku, su leƙa 'Yan Katako ta Na'ibawa su ji na katako. Tafiyar tare tana da nata amfanin ban da farashi.

Shawarata ita ce ku sayi kayan da kanku da rasit, kafinta ya raka ku don zaɓe, shi kuma a biya shi kuɗin aikinsa kawai. In alminiyon ne, a auna kaurinsa a gabanku da ɗan ma'aunin da masu sayarwa ke da shi, kada a dogara da abin da aka faɗa. Kuɗin aikin a raba shi: wani kaso in an fara, wani in an gama kafa katako kun duba kafin a rufe shi, ragowar in an kammala. Ku riƙe ɗan wani abu har sai an yi ruwa mai ƙarfi an ga babu ɗiga, amma a faɗa masa haka tun farko don kada ya zama zalunci. Tsohon kwanon ma kuɗi ne, masu kyan a yi rumfa ko a sayar, matattun a kai wa 'yan gwangwan, abin da aka samu ya shiga asusun aikin a rubuce.

Akwai wata magana da ba ki tambaya ba amma ba zan ƙyale ta ba. Gidan nan gado ne da ba a raba ba, ke ce kuma za ki fi kowa zuba kuɗi, alhali a rabon gado kason namiji ninki biyu ne na mace. Ki yanke wa kanki tun yanzu: abin da za ki ƙara a kan na sauran, kyauta ce don Hajiya, ko bashi ne a kan gidan da za a cire miki ranar rabo? Duk wanda kika zaɓa halal ne kuma babu abin kunya, amma a faɗa a fili, a rubuta, shaidu su sa hannu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, don haka kada wani ya sa ki ji kamar rubutu rashin yarda ne. In kuna da shakku kan yadda ya dace a raba nauyin gyaran, ku tambayi malamin da ya san rabon gado wanda dukkanku kuka amince da shi. Kuma kada ki ɗauki abin da ya fi ƙarfinki, kina da naki gidan.

In lissafi ya fito ya tabbata aikin na miliyan 4 ne kuma kuɗin bai kai ba, ba dole ne a yi shi a tashi ɗaya ba. Ana iya fara rufe sashen Hajiya da kaya masu kyau, sauran ya jira baɗi. Ana iya sauya katakon da ya ruɓe kawai a bar mai lafiya bayan an shafe shi da magani. Ana iya sauka daga alminiyon zuwa gajeren kwano mai kauri, ko a jinkirta silin na sauran ɗakuna. Abin da ba zan so ku rage ba shi ne katako da ɗaurin rufi, don su ke riƙe da komai. Lokacin aikin kuma rani ne, a gama kafin hadarin watan Mayu da Yuni. In damina ta riga ta kama ku, a toshe wuraren yoyon, a shimfiɗa tamfol a ɗaure shi da kyau, a jira ruwa ya ɗauke, kada a yaye rufi a watan Agusta.

Kafin duk wannan, akwai abin da ba ya jiran sulhu. Silin da ya jiƙe ya fara ɓallowa yana iya ruftowa kan mutum yana barci. Ki roƙi Yaya a cikin makon nan a mayar da Hajiya wani ɗakin, mai gyaran wuta ya zo ya cire layin wannan ɗaki har sai an duba wayoyinsa. In silin ɗin tsohon allon asbestos ne, a gaya wa masu aiki kada su farfasa shi, su jiƙa shi da ruwa su cire shi ɗungurungum da takunkumi a fuska, yara kuma su yi nesa, domin ƙurarsa na cutar da huhu. Ki fara kiran naki da wannan buƙata ta Hajiya, don ita ce maganar da babu ɗayansu da zai ƙi saurara. Allah ya daidaita tsakaninku, ya sa a gama aikin lafiya.